Ɗumamen da Kofur Ya Ce a Yi

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a bakin kanal ɗin Bakolori ba, ko da kuwa na so, domin mutanen unguwarmu ba za su bari ba.

A shekarar ne dattawan unguwarmu a Talata Mafara suka ce a koya wa matasa iyo na gaskiya, a zaɓi mutum shida masu ceto idan wani ya faɗa ruwa. Wani tsohon soja ɗan Maradun, wanda kowa ke kira Kofur, shi ya ɗauki nauyin horon. Ni kuwa ina son shiga cikin shidan nan kamar me. Na riga na cika majalisarmu da labarin yadda nake ƙetare gulbi ina yaro (gaskiyar magana, sau ɗaya na ƙetare, kuma da rani ne). Har mai ɗakina na ce wa ta shirya zama matar jarumi.

Ranar Juma'a aka yi taron bayani, ban samu zuwa ba. Da yamma na kira aminina Lawali, layin yana ta yankewa. Abin da kunnena ya kamo kawai shi ne, Kofur ya ce ba mai taɓa ruwa sai ya yi ɗumame. Na ce lallai mutumin nan ya san aiki, ai sanyin ruwa ba ya kama mai cikakken ciki. Ban ƙara tambaya ba, tunda an zo fannin da na fi ƙwarewa.

Da safe mai ɗakina ta ɗumama tuwon dawa da miyar kuka, ta zuba man shanu. Na zauna na bi umarnin Kofur sau da ƙafa, har na ƙara da shayi. Saboda haka na makara. Ko da ɗan kabu-kabu ya sauke ni, na tarar da mutane sun yi gumi, suna ta wulwula hannuwa, suna miƙe ƙafafu, wasu na sassarfa a kan gaɓa. A raina na ce ji wahala, ga ruwa a gabanku kuna wasan 'yan firamare.

Kofur ya dube ni ya ce, "Malam, ka ɗumama jiki?"

Na ce, "Awo, tun gida niy yi nawa."

Ya yaba mini a gaban kowa, ya ce haka ake son mai himma. Don haka ni aka fara kira.

Na faɗa ruwa da wani irin salo. Hannu ɗaya, biyu, uku, komai lafiya. A na bakwai sai jijiyar ƙwaurina ta ɗaure tamau, tuwon nan kuma ya taso ya tsaya mini a ƙirji kamar bulo. Na nemi salo na rasa. Na fara dukan ruwa ina salati, ina kiran Lawali da sunan da uwarsa ke kiransa. Mutum uku suka yi tsalle suka cafke ni. Da suka tsaya sai na lura ruwan iya ƙirjinsu yake (kuma duk na fi su tsawo).

Aka shimfiɗe ni a gaɓa, Kofur yana murza mini ƙafa. Cikin damuwa ya ce, "Wane irin ɗumama jiki kay yi hakanga? Minti nawa?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ban duba agogo ba. Malmala ukku dai ce."

Sai Lawali ya zube ƙasa don dariya. Dariyar ta kai har gonakin albasa, wani mai ban-ruwa ya bar aikinsa ya zo jin abin da ya faru. Kunya ta kama ni har na ji gara a mayar da ni cikin ruwan. Kofur da kansa sai da ya share hawaye kafin ya bayyana mini cewa motsa gaɓoɓi ake nufi, a hankali, don jini ya zagaya kafin a shiga aiki. Da aka gama horo ya ce kowa ya yi iyo sannu-sannu don jiki ya huce, sai wani ya tambaya ko ni a aika a sayo mini fura.

Bayan mako huɗu aka karanta sunaye shida, babu nawa. Na sunkuyar da kai. Sai Kofur ya ce saura na bakwai, wanda horo ba ya yiwuwa sai da shi, ya kira ni. Ni ne mai nutsewa, wanda za su riƙa gwada ceto a kansa. Ya ce a duk shekarunsa bai taɓa ganin wanda ya iya abin kamar ni ba.

Har yau ina riƙe da muƙamin, kuma ni ke fara isa bakin ruwa in wulwula hannuwa minti goma cur. Abin da na koya shi ne, duk umarnin da ya zo daidai da son cikina, in sake kiran waya in tambaya.