Bawul ɗin da Na Sa a Juye

Bawul ɗin bakin tiyon injin ban-ruwana, mai hana ruwa komawa rafi, ya mutu, tumatir kuma ya fara yaushi. Na ce ni da na tsufa a noman rani ba zan je Kafin Maiyaƙi sayen wani ba. Na yanki robar tsohuwar tayar babur na haɗa nawa, har na kira maƙwabta kallo.

Bokiti shida na ɗura wa injin don ya fara jan ruwa, duk suka zurare rafi.

Malam Ja'e, maƙwabcin gonata, ya ciro tiyon ya duba. "Baba, a juye ka sa robar. Rafi kake ba wa ruwa."

Ya gyara, tumatir ya sha, Allah ya saka masa da alheri. Amma har yau tsarana in sun gan ni sai su ce, "Injiniya, rafin ya ƙoshi kuwa?"