Buzun da Zaki Ya Danne

Kura ɓarauniya ce, kuma Zaki ya sani. A rubuta haka, ba na tsoron kowa.

A Dajin Gawo, dokokin ƙasa duk a bayan buzun da Zaki ke zama a kai aka rubuta su. Al'ada kuma ta ce sarki ba ya miƙewa talaka na kallo, sai an watse. Saboda haka Kura, da aka ba riƙon shari'a, ita kaɗai wai ta haddace. An ba kura ajiyar nama, sannan ana mamaki.

Rannan ta kori tsohuwar Jaka daga fadamar da take kiwo tun tana budurwa, wai doka ta ce jakar da ta wuce damina ashirin ba ta da rabon ciyawa. Jaka ta kwana uku tana tauna kara, a na huɗu ta nufi fada.

"Ranka ya daɗe, a nuna min inda aka rubuta."

Kura ta gyara murya. "Iya, ai gwamnatin nan ba ta ɓoye komai! Har mun kafa kwamitin duba yiwuwar ɗaga buzu. Nan da damina biyu..."

"Nan da damina biyu kin gama gwaguyar ƙashina, 'yar nema."

"To ke kin iya karatu ne?" in ji Dila magatakarda. Fada ta kwashe da dariya.

"Ban iya ba, ɗan nan. Bushiya ta iya, ga ta na zo da ita."

Zaki ya yi hamma, ya ce a watse. Jaka ta durƙushe a tsakar fada. Aka ja, aka tura, aka doka. Wanda ya taɓa jan jaki ya san sauran. Ashe da safe ta ga Zaki ya shanye rabin kwatarniyar ruwa, kuma sarauta ba ta hana kewayawa.

Azahar ta yi, Zaki na mutsu-mutsu. La'asar, sai gumi. Can ya zabura a guje ya faɗa kurmi, rawani a hannu.

Jaka ta sa haƙori ta juya buzu. Bushiya ta leƙa, ta daɗe tana dubawa.

"Iya, ba komai a nan. Gara ta cinye tun tuni, sai ramuka."

Barewar da aka cinye wa miji bisa doka ta matso. Birin da aka guntule wa jela bisa doka ya matso.

Jaka ta tare bakin ƙofa. "Ba mai fita. Ke Kura, da wace doka kika raba ni da fadamata? Da wace doka aka ci mijin baiwar Allahn nan? Ki amsa, ko mai buzun ya gama uzurinsa ya zo ya amsa. Muna nan."