Masu Rai a Cikina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar yinin bikin ƙanwar maigidana, ranar da kunnena ya kai ni ya baro. Ni dai lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, aji uku na yi a Bande aka cire ni, amma Allah ya ba ni kunne. Ko raɗa ake yi a bayan danga sai na tsinto, kuma har alfahari nake yi da hakan.

A lokacin shekarata bakwai da aure a Magariya, ƴata ɗaya, Nana, daga ita shiru. Ga sanyi ya zauna mini: ƙaiƙayi, ciwon mara, da abin da ba sai na faɗa ba, mata sun gane. Na sha saiwoyi, na zauna a ruwan bagaruwa, na haɗiyi kafson masu talla a faranti, ja da rawaya, kamar mai cin gyaɗa. Ya lafa kwana biyu ya dawo, ga gudawa ta ƙaru a kai. Inna, uwar mijina (Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa yi mini gorin haihuwa ba ko da wasa), ita ce ta ce, "Ƴar nan, ki je likita a duba ki, wannan tsugunno ya yi yawa."

Na je da safe, da niyyar in dawo in tarar da biki. Likitar, wato asibitin garin, a lokacin ɗakuna uku ne da inuwar dogon yaro, mata na zaune a benci ana ta hira kamar gidan suna. Sajfam ɗin, wato ungozomar asibitin, wadda kowa ke kira Madam, doguwa ce mai tabarau, hannunta da sanyi, bakinta da daɗi. Ta duba ni, ta yi mini tambayoyi har na rasa inda zan sa fuskata, na gaya mata zancen kafso. Sai ta ce in sa zanena in jira, ta ja labule ta koma wajen wata ɗaliba da take koya wa aiki.

To, nan fa kunne ya miƙe. Rabin maganarsu Faransanci ne, ya wuce ni. Amma sai na ji Madam ta ce da Hausa tsaf: "Ki gaya mata akwai masu rai a cikinta, kafson nan kashe su yake yi. Ta daina. Ta sha nono, ta ci ganye da wake, su samu ƙarfi."

Masu rai! Ba mai rai ba, masu rai. A cikina! Ban san lokacin da na sa takalmi ba. Na bar karnena, wato katina na likita, a kan gado, na bi ta ƙofar baya, na tari kabu-kabu ina ce masa, "Malam, a hankali, ka kauce wa ramuka."

(Da na tsaya minti biyar kawai, da wannan labarin bai samu ba.)

Na tarar da gida cike, dangi ƴan garin Waca sun zo, dangin Najeriya sun zo, ana ta tuƙin tuwo. Na ja Inna gefe na raɗa mata, "Inna, an ce akwai, kuma ba ɗaya ba ne." Tsohuwar nan ta riƙe kafaɗuna, idonta ya kawo ruwa, sai kawai ta rangaɗa guɗa. Kafin azahar sunana ya koma Uwar Biyu. Aka ƙwace muciya daga hannuna, aka zaunar da ni a katifar amarya, wannan ta kawo fura, waccan tana yi mini fifita. Labari ya fita waje, maigida ya aiko da balangu cikin takarda, shi da ko tsire bai cika saye ba. Ni kuwa ina kishingiɗe ina ɗan yamutsa fuska, har na fara jin tashin zuciya na gaske.

Bayan la'asar sai ga Madam ta yi sallama, ashe dangin ango ce. Ta hango ni, ta zaro karnena daga jakarta tana girgiza kai. "Uwar Nana, haka ake yi? Mun juya ba ki nan."

Inna ta tare ta da godiya, "Madam, Allah ya saka, kin faranta mana." Madam ta yi turus. Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai na ɗaga murya don kowa ya shaida: "Madam, don Allah gaya musu, su nawa ne?"

"Su wa?"

"Masu ran da ke cikina mana. Ai na ji ki."

Ta cire tabarau, ta dube ni, ta toshe baki da gefen mayafi. Da ƙyar ta ce, "Wayyo ƴar uwa, ai waɗannan ba su ƙirguwa. Ƙwayoyin hanji ne, masu taya mutum narka abinci. Kowa a gidan nan yana da su. Har Inna."

Sai wata ƴar Waca ta ce, "To Inna, barka, Allah ya raba lafiya!" Gida ya kece. Har amarya, da aka lulluɓe tana kukan al'ada, na ga kafaɗunta suna rawa. Ga ni a tsakiyar katifa, maiƙon balangu a baki, na rasa ko in haɗiye ko in tofar.

Madam ta kama hannuna ta kai ni ɗakin Inna, ta rufe ƙofa, dariya ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce sanyina irin wanda miji da mata ke miƙa wa juna ne, ya daɗe har ya fara hawa hanyar da ƙwan haihuwa ke bi. In aka bar shi zai toshe ta, Nana ta tashi ba ƙane. Kafson faranti bai kashe shi ba, ƙwayoyin kirki na hanjina ya bi yana karkashewa. Ta ce magani ɗaya ne: mu zo ni da Baban Nana, mu sha tare har ya ƙare.

Yadda zan gaya masa shi ne aiki. Inna ce ta sauƙaƙa, ta kira shi ta ce, "Gobe ka raka ta, kuma ka zauna a benci kamar kowa." Ya tafi yana sunkuyar da kai, ya sha maganinsa bai yi gardama ba. Ni kuma na kama nono da zogale. Sai da aka yi damina biyu sannan Madam ta dube ni ido da ido, ba labule a tsakani, ta ce wannan karon mai rai ɗaya ne, kuma zai sa riga.

Yanzu an mayar da Madam Damagaram, Inna ta kwanta dama, amma ƴan Waca har gobe in mun haɗu sai sun tambaye ni ya jama'ata. Abin da na koya kuwa, in likita ta ce wani abu na cikina, sai in gyara zama in bari ta kai aya, sannan in ce, "Madam, wane cikin? Na tuwo ko na goyo?"