Ranar Ruwan Baban Nazifi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je Bunkure ceton karatun ɗalibina ba, na ɓuge da hana tumatirin babansa shan ruwa.

Ina koyar da rubutu da adabi ga 'yan ajin farko a wata jami'a a Kano, an kuma damƙa mini ɗalibai goma in riƙa kula da su kamar ƙannena. A cikinsu akwai Nazifi, ɗan wani ƙauye kusa da Bunkure, shiru-shiru, ba ya fashin aji. Kwatsam sai ya ɗauke ƙafa har mako uku. Da na kira shi ya ce, "Malam, Baba ne ya ce in dawo gona. Wai bai ga abin da ake koya mana ba."

Maganar ta ɓata mini rai, har da jin haushin wani dattijo da ban taɓa gani ba. Na ci alwashin sai na dawo da yaron nan aji. Na zaro wani jinga da ya rubuta mai suna "Ranar Ruwa", don in kafa hujja da shi. Na ba shi maki mai kyau, amma tsakani da Allah sakin layin farko kawai na karanta. (Takardu sun fi ɗari uku a lokacin. Wannan ba uzuri ba ne, na dai faɗa ne ko za ku ɗan sassauta mini.)

Na sha farar shadda, na kama hanyar Zariya. Ni haifaffen cikin birni ne, iyakar sanina da tumatir shi ne a miya. Nazifi ya tare ni a bakin titi ya kai ni gonarsu, an yanka ta fangali-fangali, wato ƙananan filaye masu gefen ƙasa, tumatir duk ya yi fure. Ya ce in jira a gindin mangwaro, zai kira Baba daga can bakin babban kanal, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin.

Ina tsaye sai na ga wata ɓarna. Gefen 'yar hanyar ruwan da ta bi ta gonar ya fashe, ruwa na ta kwarara cikin tumatir. Na duba hagu da dama, ba kowa. Zuciyata ta ce, kai, ga damar da za ka nuna wa dattijon nan cewa 'yan boko ma suna da amfani. Na tuɓe takalmi, na naɗe wando, na shiga. Da hannuna na riƙa kwasar taɓo ina danƙarawa, ruwa na ture shi, ina ƙarawa. Har dutse na ciccibo. Da ƙyar na toshe wurin tsaf, ruwan ya miƙe ya wuce gonar maƙwabci. Na koma gindin mangwaro ina haki, ina jin kaina kamar wanda ya kashe gobara.

Sun fi rabin awa kafin su iso. Dattijon dogo ne, da fartanya a kafaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, ban ko bari ya huta ba na fara wa'azi.

"Baba, yaron nan yana da baiwa. Ga rubutunsa, kalma-kalma na karanta shi. Af, na ma ga ruwa ya ɓalle muku, na toshe."

Dattijon ya sauke fartanyarsa daga kafaɗa. Ya kalli taɓon da ke shaddata, ya kalli fangalin da ya tsaya rabi jiƙe rabi bushe. Ya taka a hankali, sara biyu ya yi da fartanya, aikina na minti ashirin ya bi ruwa. Sannan ya juyo.

"Malam, sannu da ƙoƙari. Ni na fasa shi da hannuna. Yau ce ranar ruwanmu, sau ɗaya a mako, da azahar kuma layi zai wuce kan wani."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Nazifi ya sunkuyar da kai, ya ce can ƙasa-ƙasa, "Malam, ai yana shafi na biyu."

Dattijon ya ce, "Me ke shafi na biyu?" Ya karɓi takardar daga hannuna ya miƙa wa ɗansa. "Karanta mana mu ji."

Nazifi ya karanta. Komai na ciki: yadda ake fasa gefe a shigar da ruwa, yadda ake toshewa a koma fangali na gaba, yadda tumatir mai fure ke zubar da furensa in ya rasa ruwan mako guda. Sai ya zo inda ya rubuta cewa babansa ba ya buƙatar dubawa, daga ƙarar ruwan yake gane fangali ya ƙoshi, kuma shi duk duniya bai ga mai ilimi kamarsa ba. Ashe dattijon bai taɓa jin abin da ɗansa ya rubuta ba. Ni ma, malamin da ya sa maki, ranar na fara ji.

Dattijon ya dubi ruwan. Sai ya ce, "Litinin ya koma makaranta. Tunda har akwai malamai a birni da ba su san yadda tumatir ke shan ruwa ba, gara a samu mai rubuta musu." Ya dube ni. "Amma Malam, don Allah in ya rubuta, a riƙa karantawa."

Azahar ta yi saura fangali uku ba su sha ba. Da bokiti muka ba su, ni da Nazifi, har la'asar, dattijon na zaune a gindin mangwaro yana nuna mini inda na tsallake. Kwana huɗu ban iya miƙe bayana ba.

Nazifi yanzu yana aji uku. Ni kuwa tun daga ranar, ko takardu sun kai dubu, ba na sa maki sai na juya shafi na biyu. In kuma na ga ruwa na gudu a gonar mutane, hannuna na cikin aljihu har mai gonar ya iso.