Kyamarar Malam Habu

Shekarar da kamfaninmu na fata da ke Chalawa ya tura mu kwas Armeniya, an kai mu yawon yini wani tsohon gidan ibadar Kirista a kan duwatsu. Na karɓe kyamarar Malam Habu, dattijon makanikenmu, na ce, "Ku kawo, Baba, wannan aikina ne." Na yini ina tsayar da shi cikin sanyi ina ɗaukarsa hoto, yana ta gyara hula.

Da muka dawo Kano, mai wankin hoto ya ce babu fim a ciki.

Malam Habu ya ce, "Na gaya wa yara za su gani."

Bai ƙara fita ƙasar waje ba har ya rasu. Ni kuwa har yau ko a biki aka gan ni sai a ce, "A ɓoye kyamara, ga Gwani nan."