Waldar Malam Sallau

"Ni da kuke gani," in ji Malam Sallau, "na taɓa liƙe tankar fetur tana cike maƙil, direba yana kwance a gaba yana sharar barci. Da ya farka ya zagaya motar, sai ya hau faɗa wai wa ya musanya masa da sabuwa."

A gindin dalbejiyar ƙofar ofishin malamai yake wannan bayani, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ɓare gyaɗar da ba shi ya saya ba. Malam Sallau shi ne shugaban sashen walda a wata makarantar sakandaren koyon sana'a, wadda ba sai na faɗi garinta ba, don har yanzu ina bin hanyar. Mutum ne dogo, mai murya kamar ta sanƙira, kuma ba ya rabo da tabarau baƙi ko da hadari ya rufe gari. Ya ce hasken walda ne ya cinye masa ido.

Malam Ilu, malamin kafinta, ya ce, "Bara ai tankar kananzir ka ce mana."

"Bara hankalinka bai kai na ba ka ta fetur ba. Bakano, ci gyaɗarka."

"Tawa ce kake ci, Bazazzagi."

Haka suke kullum, kamar zakaru biyu a akurki ɗaya.

To, abin da Malam Sallau ba ya faɗa a gindin dalbejiya shi ne yadda aka yi ya zama malamin walda. Asalinsa zane yake koyarwa, da rula da fensir. Da tsohon malamin walda ya yi ritaya, aka duba aka rasa, aka ce Sallau ya riƙe kafin a turo wani. Ya kwana yana addu'ar Allah ya rufa masa asiri, don shi ko ashana matarsa ke ƙyasta masa. Allah kuwa ya amsa: a makon nan taransifomar unguwar ta yi bindiga. Tun daga ranar ba a gyara ta ba, ba a kuma turo wani malamin ba.

Amma manhaja ba ruwanta da taransifoma. Ta ce ɗalibin walda zai yi aiki da hannunsa, jadawali kuma ya ware masa yammacin Laraba da safiyar Alhamis ɗungurungum. Malam Sallau ba mai wasa da manhaja ba ne. Sai ya ƙirƙiro hanyarsa.

Yara za su jeru a shagon walda, kowa da guntun ƙarfe a gabansa. Hular walda mai baƙin gilashi guda ce tak, ta wanda ya zo na ɗaya ce, saura su yanka kwali su kare fuska. Tsinken walda tsada gare shi, don haka kowa ya zo da karan dawa daga gida. In Malam ya ce "Kunna!" sai kowa ya kai kara kusa da ƙarfe, ba tare da ya taɓa ba don kar kara ya karye, ya ja shi a hankali yana yi da baki: zzzzzz.

Shi kuwa yana zagayawa da hannu a baya, ya karkata kunne.

"Kai, wutarka ta yi yawa, za ka huda ƙarfen mutane! Rage murya."

"Kai kuma wannan walda ce ko sauro? Ƙara wuta!"

Da haka ake cin jarrabawa, da haka ake faɗuwa. Akwai yaron da ya maimaita aji saboda mura ta kama shi ranar gwaji. Yaran ma ba a bar su a baya ba wajen dabara. Duk wanda ba ya son zuwa ranar Alhamis sai ya aiko a ce hasken waldar Laraba ya shigar masa ido. Malam Sallau ba shi da bakin musu, don in ya ce babu haske ya tona wa kansa. Sai dai ya girgiza kai ya ce, "Na sha gaya musu su riƙa riƙe kwali da kyau."

Ana nan sai ga sabuwar manhaja daga ma'aikatar ilimi. An ƙara wa lissafi da kwamfuta lokaci, mako kuwa bai ƙara tsawo ba, dole a yanko daga jikin wani. Shugaban makaranta ya tara malamai ya ce za a turo sufeto ta duba kowane shago, wanda aka ga ba ya cin lokacinsa a rage masa. Sashen da aka rage wa lokaci kuma ba zai tsaya da kansa ba, za a haɗe shi da na kusa da shi.

Na kusa da walda shi ne kafinta.

Malama Ladidi mai lissafi ta ce ita dai safiyar Alhamis take so, lokacin da ƙwaƙwalwar yara ba ta yi zafi ba. Malam Ilu kuwa sai ya juya ya dubi Malam Sallau ya yi murmushi, irin murmushin mahauci in ya ga rago mai ƙiba.

"In ka dawo ƙarƙashina," ya ce masa da aka fito, "ba zan wahalar da kai ba. Share garin katako kawai, sai gaisuwa da safe. Ranka ya daɗe za ka riƙa cewa, da ɗan rusunawa."

"Ni? Bazazzagi ya rusuna wa Bakano? Ai gara na koma tallan rake." Ya gyara tabarau. "Ku bar sufeton ta zo. Yarana ko ido a rufe sai su liƙe maka allura da zare. Duk ƙofar ƙarfen da ka gani a garin nan ba ta kuka, hannun ɗalibina ne."

Hankalinsa kwance yake, don ya riga ya gama lissafinsa. Sufeto za ta zo, ta ce a kunna, ya ce ranki ya daɗe babu wuta. Ta yi tsaki ta zagi masu lantarki, shi ma ya taya ta, a rabu lafiya.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga a-kori-kura ta shigo makaranta. A gaba wata mata ce gajera, da jakar hannu da takalmin kambas, sunanta Hajiya Uwani, ita ce sufeton. A bayan motar kuwa wani abu ne lulluɓe da tamfol, ya kai girman saniya. Malam Sallau ya tare ta da fara'a har kunne.

"Ranki ya daɗe, sannu da hanya. Kin zo ganin aiki, ga shi kuwa an yi rashin sa'a, wutar nan tamu..."

"Na sani, Malam," in ji ta. "Duk makarantar da na je, ranar ce ake rashin sa'a. Shi ya sa nake yawo da sa'ata a mota. Direba, buɗe."

Aka yaye tamfol. Janareta ce, sabuwa fil.

Malam Sallau ya shiga kawo hujja. Ya ce injin waldar ya daɗe bai sha wuta ba, kar a ba shi farat ɗaya ya ƙware. Ta ce ba komai. Ya ce yaran ba su karya ba. Ta ce ita ma. Kafin ya lalubo ta uku, direba ya ja waya ta taga ya jona injin, janareta ta ɗauka, shago ya cika da ruri. Shugaban makaranta ya sa aka kawo wata kujerar ƙarfe daga ofis wadda ƙafarta ta ɓalle. Malama Ladidi da Malam Ilu suka zo suka tsaya a bakin ƙofa, wai sun zo ba da ƙwarin gwiwa.

"Kira mini gwaninka," in ji Hajiya.

Gwanin shi ne Rabilu, ɗan ajin ƙarshe, wanda tun da ya shigo makarantar ba a taɓa karɓe hular walda daga hannunsa ba. Ya fito yana taƙama. Aka ba shi mariƙi da tsinken gaske, ya juya shi yana mamakin nauyinsa. Ya rufe fuska, ya gyara tsayuwa, ya kai tsinke kusa da ƙarfe, ya tsaya daidai inda aka koya masa, ya saki murya.

Wallahi ranar Rabilu ya yi zzzz ɗin da bai taɓa yi ba. Har janareta sai da ya danne. 'Yan ajinsu suna gyaɗa kai, wani ya ce a hankali, "Kai, mutumin nan ya iya."

Hajiya Uwani ta saurara, ta saurara. Ta dubi Malam Sallau.

"Me yake yi?"

"Ɗumama ƙarfe yake, ranki ya daɗe. Tsarin Jamus ne."

"To ya ɗumamu. Yaro, taɓa ƙarfen."

Rabilu ya ɗaga hula. "In taɓa, Hajiya? Ai rage maki ake yi."

"Na ƙara maka. Taɓa."

Ya taɓa.

Wuta ta yi tsawa, haske ya gauraye shago, tartsatsi ya watsu kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Rabilu ya yi jifa da mariƙi ya kurma ihu, "Malam, injin ya lalace! Wuta yake fitarwa!" Sai ƙafa me na ci ban ba ki ba. Aji guda ya nufi ƙofa, aka bi ta kan Malam Ilu, aka tafi da takalmin Malama Ladidi ɗaya. Wasu ta taga suka bi. Da ƙura ta lafa aka nemi shugaban sashe, sai ga shi ya fito daga bayan wani durom yana kakkaɓe riga.

"Madalla!" ya ce da ƙarfi. "Kin gani, ranki ya daɗe? Babi na farko a manhaja ke nan: kiyaye lafiya. In ka ga wuta, ka ba ta wuri. Ni na je bayan durom ne in ga wanda zai makara."

"Na gani," in ji Hajiya. "Babi na farko ya zauna. Nuna mana na biyu da kanka." Ta ɗauki mariƙi daga ƙasa ta miƙa masa.

"Da so samu ne... likita ya hana ni, saboda idon nan."

"Kai da ka liƙe tankar fetur?" in ji Malam Ilu daga ƙofa, yana dafe da ƙugu. "Hajiya, in ba zai iya ba a bar shi. Ina da tsintsiya sabuwa."

Wannan magana ita ta ɗaga Malam Sallau. Ya dubi kujera, ya dubi Bakano, ya ga dai gara wuta. Ya karɓi mariƙi, ya kifa hula a kan tabarau, duniya ta yi masa baƙi ƙirin. Duk da haka bai yarda ba, ya runtse ido gam. Ya karanto duk abin da ya sawwaƙa, ya yafe wa waɗanda suka cuce shi ban da mutum ɗaya, ya lalubi ƙarfe ya dangwara tsinke.

Bai mutu ba. Bai ma ji zafi ba. Janareta na ta ruri a waje, tsinke na tafiya a kan ƙarfe sumul. Ashe abin ba wuya! Sai ƙarfin hali ya zo masa, baki kuma ya koma ga abin da ya saba.

"Zzzzz... ku ja baya, tartsatsi ba ya sanin babba! Zzzzz... kun ga yadda yake narkewa kamar man shanu? Ilu, kare idonka, na katako ne, bai saba ba. Zzzzz..."

Ya kai ƙarshe, ya dawo ya sake bi don ƙarin inganci. Sannan ya ɗaga hula, ya share gumi, ya ce, "An gama. Kar wanda ya taɓa, sai ya huce."

Yaran da suka dawo suna leƙe ta taga, ba mai motsi. Shugaban makaranta yana kallon rufin kwano kamar yau ya fara ganinsa. Hajiya Uwani ta miƙa hannu ta ɗauki ƙafar kujerar da yatsu biyu, ta taso salin alin, sanyi ƙalau. A ɗaya hannun kuma tana riƙe da kan wayar injin, wanda yara suka fizge daga soket tun lokacin gudu.

Da wani ne, da ya nemi ƙasa ta tsage. Malam Sallau kuwa ko gezau. Ya dubi wayar, ya yi 'yar dariya irin ta manya.

"Ranki ya daɗe, wannan ai ba ya hana ni aiki. Mu da muka daɗe a harkar nan, jikinmu ya riga ya sha lantarki. Da wutar jikina na yi. Ba ta kama sosai ba ne don ban karya ba."

Hajiya Uwani ta ajiye ƙafar kujera, ta juya wajen shugaban makaranta.

"A ba lissafi Alhamis, a ba kafinta sashen. Shi kuma ku nemo waya mai tsawo ku jona makarantar a jikinsa. Shekara da shekaru kuna zaune a duhu, ashe taransifoma na nan tana karɓar albashi."