Rasuwar Bibi, Rediyon Ɗakin Ɓeraye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, Mzee Asajile Mwakipesile, dattijon da ke kula da dabbobin bincike a jami'a, yake sanar da rasuwar rediyonsa, wadda ɗalibai ke kira Bibi. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha tara a kan kantar ɗaki na huɗu.

Marigayiyar ba don nishaɗi take wurin ba. Ɓera mai jego, in ƙara ta firgita ta cikin shiru, 'ya'yanta take cinyewa. Muryar Bibi ce ke rufe bugun ƙofa da ƙarar guduma daga ginin da ake yi a bayan bango. Kullum da safe sai ta yi gyaran murya, "ƙrrr, ƙrrr," sannan ta ce, "Jama'a, kun tashi lafiya?" Ta karanta wa ɓeraye farashin masara da sakamakon ƙwallo, ba su taɓa musa mata ba.

Ba tsufa ya kashe ta ba, kada wani ya rubuta haka. Sabon likitan sashen, Dakta Kileo, ya kafa doka cewa duk abin da ke ɗakin sai an feshe shi da maganin ƙwayoyin cuta. Mzee ya roƙa a bar shi ya goge ta da tsumma. Dakta ya yi dariya, wai da ita da mai ita gidan tarihi ya kamace su. Aka fesa mata har cikin maƙogwaro. Ta yi tari sau biyu ana tsakiyar labarai, ta yi shiru.

Ta bar keji sittin, da iyaye tara masu jego, da ɗaliba Tumpale, wadda digirinta ke rataye a wuyan jariran nan. Kwana biyu da rasuwar, uwa biyu sun cinye nasu.

Ba za a miƙa gawa ga ofishin kwashe tarkace ba, ko takarda nawa za su aiko. Mzee zai binne ta Asabar da ƙarfe goma, a gindin ayabar gidansa. Akwai shayi da rogo.

Zaman makoki a ɗaki na huɗu ne, daga bakwai zuwa huɗu, inda Mzee ke zaune yana karanta wa ɓeraye littafin dokokin Dakta da murya. Karatun a hankali yake tafiya, don da furfura ya koye shi, kuma ba zai daina ba sai sashe ya kawo magajiyar Bibi. Mai zuwa ta'aziyya ya sa farar riga, ya rufe ƙofa a hankali. In Dakta ya zo, shafi na gaba nasa ne.